Shekarar da Na Cike Akushin Inna

Shekarun baya, tun kafin in shiga ajin yaƙi da jahilci, na yi wata dabara da na ɗauka za ta sa a riƙa nuna ni da yatsa a ƙasar Bagudo. An kuwa nuna ni, sai dai ba irin nunin da na so ba. Yau ita zan ba ku labari, tunda ta daɗe da wucewa, kuma masu yi mini dariya duk sun gaji sun bari, in ban da mutum guda.

Gonarmu ta gado tana fadama, ba nisa da kogi. A gefenta na yamma akwai wani ɗan tafki zagayayye, faɗinsa bai wuce tsakar gida biyu ba. Mu a gida Akushi muke ce masa, don siffarsa ke nan. Da damina ruwan sama da ambaliyar kogi su cika shi, ya riƙe ruwan har rani ya yi nisa, sannan ya ƙafe a hankali, lakar ta tsattsage. A bakinsa akwai bishiyar giyayya guda ɗaya da ta girme ni.

Bayan rasuwar mahaifina gonar ta dawo hannuna. Amma Akushi kowa ya san na mahaifiyata ne, ko da yake babu wanda ya taɓa faɗa. Ita ke yankan ciyawar jema a bakinsa tana saƙa zana, ita ke cirar bado a cikin ruwan. Idan kuma ya ƙafe, babu gwanar haƙar gaiwa kamarta. Ga wanda bai sani ba, gaiwa kifi ce da ba ta bin ruwa idan ya janye. Sai ta nutse cikin laka, ta naɗe kanta a wata ƴar fata, ta bar ƙaramar kafar shan iska, ta kwanta tana jiran damina. Inna takan bi busasshiyar lakar da sanda tana ƙwanƙwasawa, kanta a karkace kamar mai sauraron gulma ta bayan zana. Duk inda ta tsaya ta ce a sa fartanya, to akwai miya a wurin.

Ni kuwa a lokacin na sayi injin ban ruwa, an kafa mini rijiyar bututu a gona, na fara noman albasa da rani. Shekara biyu a jere albasa ta yi kyau, sai kaina ya fara girma. Idan na tsaya na dubi Akushi, ba tafki nake gani ba, fangulan albasa nake gani a jere. Maƙwabta da yawa sun riga sun cike ƙananan tafkunansu sun shuka shinkafa, ni kaɗai na rage da rami a gona kamar wanda bai waye ba.

Na sami Inna da hantsi tana tsintar shinkafa a faifai. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kama sunana, "kai wanga" take ce mini.

Na ce, "Inna, so nake in cike Akushi in ƙara fangulan albasa."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Da mi za ka cike shi?"

"Da tifa."

"To shi Akushin mi ya yi maka?"

"Bai yi mini komai ba. Matsalar ke nan, Inna, ba ya yin komai. Zaune kawai yake, sauro na haihuwa a ciki."

Ta hure ƙaiƙayi daga faifan, ta ce, "Zaune kawai shike. To. Gona taka ce, Injiniya. Cike."

Na fita ina murna wai an ba ni izini ba gardama. Ban ma lura an raɗa mini sabon suna ba.

Wanda ya yi mini gardama abokina ne, ɗan gidan masunta, wanda tare muka tashi tun muna yawo ba wando. Ya zo ya tsaya a ƙarƙashin giyayyar, ya ce, "Ruwan da ke sauka nan duk shekara, in ka rufe masa masauki, ina za shi?"

Na ce, "Kogi mana."

"Awo, kogi. Ashe ni za ka yi wa aiki. Na gode."

Na ce, "Ku masunta in an biye muku, har ɗakin kwanan mutum sai ku ce a bar ruwa ya shiga."

Ya ce, "Ku kuma manoma in an biye muku, har kogin sai kun yi masa kunya kun dasa albasa." Muka yi dariya, ya tafi, ni kuma na tafi neman mai tifa.

Da bazara aka yi aikin. Kwana biyu tifa tana zuwa tana juye yashi da jar ƙasa, ni ina tsaye na goya hannu a baya kamar ɗan kwangila. Rassan giyayya suka hana motar matsawa can gefe, don haka wani ɗan lungu kamar faɗin tabarma ya rage a gindinta. Na ce a bar shi, ba komai. Da damina na shuka masara a sabon wurin, ta yi daidai gwargwado. Ruwan da ya saba zama a Akushi ya zo bai sami wuri ba, ya bi ta gefen gona ya yanki hanya ya gangara kogi. Na gani da idona, har na ce wa matata gona ta huta da ruwa.

Bayan kaka ne Inna ta fara aikena.

"Injiniya, zanan bayan gida ya ruɓe. Jema nika so."

Na hau babur na yi yawon ƙauye uku kafin in sami jema. Bayan kwana kaɗan ta ce bakinta ya gaji da miyar da ba kifi, na je bakin kogi na sayo. Ta ci, ta ce ba laifi, amma ba gaiwa ba ce. Awakin gida da suka saba gangarawa Akushi su sha ruwa da kansu, yanzu sai an ja musu da guga, matata kuwa duk guga ɗaya sai ta dube ni sau ɗaya. Wata rana na gaji na ce, "Wai Inna, duk waɗannan abubuwa da can ina kike samunsu?"

Ta ce, "Can wurin da ba ya yin komai."

Ko sau ɗaya ba ta yi mini faɗa ba. Da faɗan ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Aiken da ya fi kowanne shi ne na yumɓu. Rumbun gidanmu ya tsage, murhunta ma ya fashe, ta ce a samo mata yumɓu irin wanda take ɗiba a gindin Akushi, mai danƙo, ba irin na bakin hanya ba. Na duba tafkunan da na sani a kusa, duk sun zama gonakin shinkafa. Aka ce mini akwai saura a wani ƙauye can dab da iyakar Benin. Na ɗauki tsofaffin buhuna biyu da na tarar a zaure, ban ko duba su ba, na kama hanya. Na cika su da yumɓu, na ɗaure a bayan babur da igiyar roba, na juyo ina tafiya a hankali saboda nauyi.

A shingen binciken ƴan kwastan aka tsayar da ni. A nan ne na gane buhunan na shinkafar waje ne, har da hoton a jiki. Ga mutum daga iyaka, ga buhu biyu cike tam, ga babur na nishi.

Jami'in ya ce, "Malam, mene ne a buhun?"

Na ce, "Laka ce, ranka ya daɗe."

Ya dube ni, ya dubi buhunan. Sai ya kira abokin aikinsa, ya ce, "Zo ka ji sabon sunan da aka ba shinkafa."

Suka sa na kwance. Ya naɗe hannun riga ya zura hannu har gwiwa, yana laluben ko akwai wani abu a ƙasa. Ya zaro hannun baƙi ƙirin. Ya gwada buhu na biyu, haka nan. Ya ce, "Tun daga iyaka ka ɗauko ƙasa? Ta Najeriya ta ƙare ne?"

Na ce, "Ta gidanmu ce ta ƙare, ranka ya daɗe."

Suka yi dariya har ɗayan ya zauna a kan benci. Su da kansu suka taya ni ɗaure kayan. Ƴan kabu-kabun da ke wurin kuwa suka riga ni isa gida da labarin. Ina shiga gari abokina ya tare ni, ya ce, "Sannu da fasa-ƙwauri. Nawa ne mudu?"

Duk wannan wasa ne. Abin da ba wasa ba ya zo ne a gona.

A shekarar na dasa albasa fiye da yadda na taɓa yi, tsofaffin fangula da sababbi na kan Akushi. Duk ƙarfina da irin da na tanada a nan na zuba, kuma da ita muke sa ran kaiwa wata kakar, don geronmu na shekarar bai cika rumbu ba. Daidai lokacin da albasa ta fara yin kai, wato lokacin da ba ta haƙurin ƙishirwa ko kaɗan, sai injin ya fara tari. Ya ja ruwa kaɗan, sai tiyo ya tofar da iska da yashi. Na ɗauka injin ne, na kai wa makaniki. Ya kwance ya mayar, ya ce lafiyarsa ƙalau, har ya fi ni lafiya.

Sai na kira dattijon da ya kafa mini rijiyar. Ya zura zare da ɗan ƙarfe cikin bututun, ya jawo, ya dubi inda ya jiƙe. Ya ce ruwa ya sauka. Sannan ya miƙe yana waige-waige kamar wanda ya ɓatar da akuya.

Ya ce, "Ina tafkin da ke nan lokacin da munka kafa bututun ga?"

Na ce, "Na cike shi, Baba. Ga shi nan kana tsaye kusa da shi."

Ya dubi ƙasa, ya dube ni. Ya ce, "Ai don shi na zaɓi wurin ga. Wanga tafki shi ke shayar da rijiyarka. Duk watannin da kaka ganin shi zaune, tsiyaya shika yi a hankali, shina aje maka ruwa ƙarƙashin ƙasa. Kai kuma da rani ka zo da inji ka ɗiba."

Na ce to a ƙara bututu a yi ƙasa. Ya ce ƙasa da nan dutse ne, ya sani, don ya taɓa karya ƙarfe a kansa.

Ya tafi ya bar ni tsaye a kan yashin da na biya aka zuba. Kalmar nan "zaune" ta yi ta yawo a kaina. Ni na fara faɗarta, Inna ta maimaita, yau ga ta a bakin wanda bai ma san an yi maganar ba.

Daga ranar ruwa ya zama na awo. Da sassafe injin ya ja na ɗan lokaci, sai ya tsaya, in zauna a ƙarƙashin giyayya in jira rijiya ta sake tarawa. Sababbin fangulan kuwa yashi ne, suna shan ruwa kamar rariya. Kafin in kai ƙarshen layi, farkonsa ya bushe. Ina raba ɗan ruwan tsakanin nan da can, kowanne yana samu, babu wanda ke ƙoshi. Lawashi ya fara kwanciya ko'ina.

Abokina ya zo, wannan karon ba tsokana. Ya zagaya gonar da ni, ya tsuguna ya tona gindin albasa a nan, ya tona a can. Ya ce, "Saki na kan yashi. In ka ce duka kaka so, duka za ka rasa."

Na ce, "Su ne fa na yi duk wannan abin dominsu."

Ya ce, "Na sani. Saki."

Na toshe hanyar ruwan da hannuna. Kwana kaɗan sababbin fangulan suka zama kamar an bi su da wuta. Tsofaffin suka rayu da ƙyar, suka ba mu albasa ƙanana kamar ƙwan zabo. Ba mu ji yunwa ba, Alhamdulillahi, amma shekarar an ja ɗamara a gidanmu. Inna ta ɗauki guda ɗaya ta jujjuya ta a tafin hannu, ta ce albasar bana tana da kunya, ba ta son ta cika wuri.

Bayan an kwashe albasa na sake samunta da hantsi, a wuri ɗaya, da faifai ɗaya.

Na ce, "Inna, zan tone Akushi."

Ta ce, "Da tifa?"

"Tifa ba ta tono, Inna."

"Ashe. Zubawa kawai ta iya."

Amma ita ce ta aika gida gida aka yi mini gayya. Ita da matata suka dama fura, suka tuƙa tuwon shinkafa. Mutane suka zo da shebur da kwanduna da amalanken shanu, kuma babu wanda ya bar bakinsa a gida. Wannan ya ce, "Injiniya, a auna ko a tona haka nan?" Wancan ya ce, "In an gama a bar lambar mai tifa kusa, ko za ka sake shawara baɗi." Ni dai ina ta sara ina cewa na gode. Mai laifi ba ya zaɓen irin gaisuwar da za a yi masa ranar gayyarsa. Ƙasar da muka kwashe da ita aka cike ramukan hanyar shiga gari, don haka aƙalla masu babur sun amfana da ni. Abin da tifa ta zuba a kwana biyu, sai da muka shafe makonni muna kwasa, gayya sau uku, sauran kuma ni da abokina.

Ranar ƙarshe, da baƙar lakar asali ta fito fili, sai ga Inna tafe da sandarta. Ba ta dubi aikinmu ba. Ta wuce kai tsaye zuwa lungun nan na gindin giyayya, wanda tifa ba ta kai gare shi ba. Ta fara ƙwanƙwasawa, kai a karkace. Mutane suka ajiye shebur suna kallo. Ta ƙwanƙwasa nan, ta matsa, ta dawo. Sai ta tsaya.

Ta ce, "Kai wanga, kawo fartanya. Sannu a hankali, ba aikin kwangila ba ne."

Na tona ta gefe kamar yadda ta koya mini tun ina ƙarami. Na ɗago dunƙulen laka kamar tulu. Ta ɗan ɓare gefensa da farce, sai ga gaiwa a naɗe cikin fatarta, da ranta. Abokina ya ce da ambaliya ta biyo, ta zo ta tarar an rufe gida, ta ƙi komawa, ta kwanta a bakin ƙofa.

Kowa ya ce Inna yau miya ta samu, don duk gari an san shekara guda tana begen gaiwa. Ta karɓi dunƙulen, ta riƙe shi a ƙirji kamar jinjiri. Sai ta gangara tsakiyar ramin da muka tone, inda ƙasa ke da ɗan sanyi, ta ce in haƙa. Ta ajiye shi a ciki, ta lulluɓe da laka, ta bar ƴar kafar iska a sama.

Ta ce, "Wagga ba ta tukunya ba ce. Mu duka munka yi shiru anka cike. Ita kaɗai ta dawo ta zauna."

Da damina Akushi ya cika. Ba zan yi muku ƙarya ba, rijiya ba ta dawo daidai a shekarar farko ba, sai a ta biyu ta fara riƙe ruwa har ƙarshen albasa. Jema ma sai da abokina ya kawo mana saiwa daga can wajensu muka dasa. Bado kuwa shi ya dawo da kansa, ban san ta ina ba.

Yanzu idan na tuna, abin da ke ba ni mamaki shi ne ba jahilcin karatu ne ya sa ni wannan aiki ba. Ido ina da shi, a bakin tafkin nan na girma, gaiwarsa na ci, zanansa ne ya rufa mana asiri. Amma da yake bai taɓa neman komai a wurina ba, ba taki, ba noma, ba man inji, sai na ɗauka ba ya yin komai. Abin da nake wa wahala shi kaɗai nake ganin yana aiki. Har yau ina noman albasa, kuma ban ce kowa ya bar faɗaɗa gona ba, don baki yana ƙaruwa a kowane gida. Sai dai idan wani ya ce mini zai cike rami ko ya sare itace saboda zaune kawai yake, nakan ce ya fara tambayar tsohuwar gidansu abin da take samu a wurin. Idan ta ce masa "cike" ba tare da ta ɗago kai ba, to kada ya cike.

Da na fara iya haɗa baƙi a ajinmu na manya, malaminmu ya ce kowa ya rubuta wani abu mai amfani ya kai gida. Wasu suka rubuta sunayen ƴaƴansu. Ni na sami ɓallen katako da ragowar fenti, na yi kwana biyu ina fama, na rubuta: KADA A ZUBA ƘASA A NAN. Na kafa shi a gindin giyayya, na je na taho da Inna don ta gani.

Ta tsaya ta dubi allon, ta ce, "Mi anka ce?"

Na karanta mata da ƙarfi, ina bin kowace kalma da yatsa.

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "Ya yi kyau, Injiniya. Mutum guda ne dai ya taɓa zubawa. Madalla da ya iya karatu yanzu."